Butar Matse Gahawa da Madarar Aya: Sharhi Daga Zariya

Butar matse gahawa, irin wadda ake jingina wa Faransawa, ta fara bayyana a shagunan kayan kicin na Kasuwar Sabon Gari da na wajen PZ, a jere da fulas ɗin shayi da kulolin abinci, kuma yawancin masu saye suna wuce ta ne domin ba su san amfaninta ba. Tulu ne na gilashi mai cin lita 1, zaune cikin gidan ƙarfe mai mariƙi, da murfi wanda wata siririyar sanda ta ratsa tsakiyarsa. A ƙarshen sandar akwai zagayayyar rariyar ƙarfe, wadda idan aka danna ta ƙasa take tattara garin gahawa a gindi ta bar ruwan a sama. Wani ɗan Italiya mai suna Attilio Calimani ne ya yi wa fasalinta rajista a 1929, kuma daga lokacin zuwa yau ba a sauya mata wani abin a zo a gani ba. Wadda ke hannuna ba ta ɗauke da sunan kowane kamfani, irin kayan nan ne da ake shigowa da su cikin kwali marar rubutu sosai, kuma tun bazarar da ta wuce take aiki a gidanmu.

Masu ƙera ta ruwan zafi suka nufa da ita, amma ni na saye ta ne domin wani aiki dabam, wato haɗa gahawa mai sanyi da zaƙi wadda babu ko ɗigon madarar shanu a cikinta, kuma a kan wannan aikin kaɗai zan auna ta. Ra'ayina shi ne ta cancanci kuɗinta ga gidan da ake shan gahawa a kai a kai, musamman a garin da ba a iya dogara da wutar lantarki, domin lokaci ne ke yi mata aikin, ba murhu ko soket ba. Tana da rauninta, kuma akwai abin da masu sayar da ita ke cewa tana yi wanda ba ta yi.

Guje wa madarar ba ƙyale-ƙyale ba ne. Maigidana yana cikin mutanen da idan suka sha shayi mai madara da safe, kafin azahar ciki ya kumbura yana ƙugi, wani lokaci har da murɗa. Abin da ke jawo haka shi ne sukarin da ke cikin madara, wanda likitoci ke kira laktos. Jikin jariri yana da sinadarin narkar da shi, amma a wajen kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya sinadarin yana raguwa bayan yaye. Fulani makiyaya suna cikin al'ummun da da yawansu ke riƙe da shi har tsufa, shi ya sa wanda ya tashi a ruga yakan yi mamakin jin cewa madara tana damun wani. Akwai kuma abin da ya kamata a lura da shi a jikin gwangwani da leda. Madarar garin da aka rubuta an haɗa ta da man tsirrai, madarar shanu ce da aka cire wa mai aka maye gurbinsa da wani, laktos ɗinta yana nan daram. Farin garin da ake sayarwa don zubawa a gahawa kuwa, ko da an rubuta babu madara a ciki, sau da yawa yana ɗauke da furotin na madara mai suna kasin, wanda ba ya cika damun mai matsalar laktos amma yana iya zama haɗari ga wanda jikinsa ba ya karɓar madara kwata-kwata. Saboda haka hanyar da ta fi kwantar da hankali ita ce mutum ya yi nasa farin a gida, daga aya ko waken suya ko kwakwa.

Wahalar farko da mai wannan buta zai ci karo da ita a Zariya ba daga butar take ba, daga samun gahawar da ta dace da ita ne. Ba a zuba mata gahawar gwangwani mai narkewa, domin wannan ba ta da abin tacewa. Tana buƙatar soyayyar ƙwayar gahawa da aka niƙa, wadda akan samu jefi-jefi a manyan shagunan kayan masarufi, ko a yi saƙonta daga Kaduna ko Kano. Wadda ta fi gamsar da ni ita ce ta tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda sanyi da tudu suka ba da damar noman irin arabika, mai ƙamshi da sauƙin ɗaci. Irin robusta da ake nomawa a wurare masu zafi na kudu ya fi ɗaci, kuma sinadarin kafin da ke cikinsa, wato wanda ke wartsake jiki ya kori barci, ya kusa ninka na arabika. Gahawar da alhazai ke kawowa tsaraba daga Saudiyya ba ta dace da wannan haɗin ba, saboda suyarta sama-sama ce, launinta rawaya-rawaya, idan aka zuba mata madarar aya sai ta ɓace gaba ɗaya. Niƙan ma yana da ƙa'ida: ana so ya fito ɓarza-ɓarza kamar tsakin masara, ba lukui ba. Wanda ya samu ƙwayar ba niƙaƙƙiya ba zai iya ɓarza ta a ƙaramin turmi, muddin ba turmin yaji ko na daddawa ba ne, domin gahawa tana ɗaukar warin duk abin da ta raɓa.

Jiƙon kansa ba shi da wuya. Ana zuba gram 100 na garin, wato kimanin cikin babban kofin shayi da ɗan ɗori, a kwarara masa ruwa mai tsabta marar zafi mililita 750 zuwa 800, wanda ya yi daidai da ledar fiya wata ɗaya da rabi, a juya da cokali har ko'ina ya jiƙe, a ɗora murfin ba tare da danna sandar ba. Daga nan sai jira na awa 12 zuwa 16. Idan aka jiƙa bayan magariba, da hantsi ya yi. A watannin hunturu ana iya barin butar a kan kanta ta kwana, amma a Maris da Afrilu, lokacin da ɗaki ke kwana da zafi har asuba, bai kamata a bar jiƙo a sarari tsawon wannan lokaci ba. Idan firji yana da sanyi a saka a ciki, idan babu a ajiye a kula tare da ƙullin ƙanƙara ɗaya. A nan ne tsarin butar ya yi mini daidai, domin siririya ce, tana tsayawa cikin madaidaiciyar kula, sai dai sandar da ke tsaye a sama tana ƙara mata tsawo, ta hana ta shiga wasu ƙananan firji sai an cire murfin an rufe bakin da faranti.

Da safe za a tarar garin ya kumbura, rabi ya kwanta, rabi yana yawo a sama da ɗan kumfa mai launin ƙasa. Ana dafa murfin da hannu ɗaya, a ɗora tafin ɗayan a kan sandar, a bar nauyin hannun ya tafi da ita sannu a hankali. Ta cikin gilashin ana ganin rariyar tana sauka, ƙasanta baƙi ƙirin, samanta ruwa ja-ja mai duhu yana washewa. Idan ta cije a tsakiya, ana ɗan ja da ita sama kaɗan sannan a ci gaba, ba a yi mata ƙarfi. Abin da ke fitowa ruwa ne mai ƙarfi wanda ba a sha haka nan sai an sirka, kuma bambancinsa da gahawar da aka dafa aka bari ta huce a fili yake ga harshe. Dafaffiyar da ta huce tana yin bauri da wani tsami-tsami da ke sa mutum ya yi ta ƙara sukari, wannan kuwa ɗacinta mai laushi ne, ƙamshin yana gaba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin butar ta biya, domin madarar tsirrai ba ta da ƙarfin rufe ɗaci irin na madarar shanu, dole gahawar ta zo da sauƙinta tun daga tushe.

Rauninta na farko yana wajen rariyar. Komai kyawun niƙa, wata diddiga mai laushi tana ratsawa, kuma a tawa gefen rariyar bai manne da gilashin daidai ba ta ɓangare ɗaya, saboda haka kofin ƙarshe yakan zo da laka a gindi. A gahawa mai zafi mutane da yawa ba sa damuwa da wannan, amma a mai sanyi ana jin ta a harshe. Maganinta shi ne a juye ruwan cikin kwalba nan take, a bar ɗan na ƙarshe a butar, in da hali a sake bi da shi ta farin ƙyalle mai tsabta. Rariyar ƙarfe kuma tana barin man gahawa ya wuce, wanda bincike ya danganta yawan shansa da hauhawar kitsen jini na kolestarol, don haka wanda likita ya ja wa kunne a kan wannan ya fi masa ya tace da takardar tace gahawa, ita ce ke riƙe man.

Mai shagon da ya sayar mini ya ce, "Hajiya, wannan ai har kunun aya tana tacewa, kin huta da matsar ƙyalle." Na ce masa, "Malam, Allah ya sa haka ne, domin da ta rage mini aiki." Ba haka ba ne. Markaɗaɗɗiyar aya tana toshe ƙofofin rariyar tun kafin sandar ta kai rabi, dusar ta taru ta yi tauri, kuma duk wanda ya nace da dannawa gilashin yake sa wa a haɗari. Ko abin da ya samu ya wuce ma yana fitowa da tsaki-tsaki. Aya tana nan a kan tsarinta na da: a samu busasshiya mai kyau, a surfa, a rege tsakuwa, a jiƙa ta kwana, a markaɗa da ruwa kamar ninki uku nata, a tace da ƙyalle sau biyu. Mai kai markaɗe inji ta tsaya a wanke shi a gabanta, domin ɗan ragowar tattasai ko attaruhu ya isa ya lalata duka. Wadda za a zuba a gahawa ana yin ta da kauri fiye da kunun sha, kuma ba a sa mata citta da kanumfari da yawa, don kada su danne ƙamshin gahawar.

A cikin fararen nan uku aya ce ta fi dacewa, da tazara mai yawa. Tana da zaƙinta na halitta da garɗi da ɗan maiƙo, kuma garɗin nan yana tafiya da ƙamshin soyayyar gahawa kamar don juna aka yi su. Ba mu kaɗai muka san darajarta ba, mutanen Balansiya a ƙasar Sifaniya sun daɗe suna noma ta suna yin abin sha mai sanyi da ita. Aibinta biyu ne, kuma duk matan Zariya sun san su. Ba ta jure zafi, idan aka bar ta a waje da rana kafin la'asar ta fara tsami da yauƙi, don haka ba a haɗa ta da gahawar a ajiye, sai lokacin sha. Sannan sitacinta yana kwanciya a gindin kofi cikin 'yan mintuna, dole a riƙa juyawa. Madarar waken suya ta fi ta furotin, kusan daidai da na madarar shanu, kuma ta fi araha, amma sai an dafa ta sosai kafin gafin wake ya fita, kuma ko bayan haka ana jin alamarsa. Abin da jiƙon sanyi ya taimaka mata da shi shi ne ba ta yin gudaji, alhali a gahawa mai zafi tsami da zafin sukan sa ta tsinke nan da nan. Madarar kwakwa tana da daɗi a cokalin farko, sai dai manta yana daskarewa da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 24, saboda haka tana haɗuwa da ƙanƙara sai fararen ɗigo su taso su manne a leɓe. Idan ana son ƙamshinta, a markaɗa ɗan yanki tare da ayar, kamar yadda ake yi a kunu.

Akwai wani aiki da butar ke yi wanda mai shagon bai ambata ba. Idan aka wanke ta aka zuba madarar da aka riga aka tace zuwa kashi ɗaya cikin uku, aka yi ta ɗaga sandar ana saukewa da sauri na kamar rabin minti, tana tayar da kumfa. Ta waken suya tana yin kumfa mai tsayawa, ta aya kuwa kumfarta ba ta daɗewa, amma bugun yana haɗe ta ya sa ta yi santsi a baki.

Zaƙi shi ne inda aka fi samun matsala a abin sha mai sanyi, domin sukari ba ya narkewa da sauri cikin ruwan ƙanƙara, sai ya taru a ƙasa, saman ya zama salam. Ana narkar da shi tun da wuri, kofi ɗaya na sukari da kofi ɗaya na ruwa a ɗora a wuta har ya narke, a bari ya huce a zuba a kwalba. Amma wanda yake zaune a Zariya, ga Maƙarfi da gonakin rakenta a kusa, bai kamata ya tsallake mazarƙwaila ba. Idan aka fasa ta aka narkar da ita a ruwan zafi, aka tace saboda ɗan yashi da ɓawon rake da ba a rasawa a ciki, tana ba gahawar wani ɗanɗano mai zurfi, mai ɗan ƙauri-ƙauri na daɗi, wanda farin sukari ba shi da shi. A wurina ita ce ta ɗaya. Dabino yana biye mata, a cire ƙwallon a jiƙa a markaɗa tare da aya, sai dai yana ƙara kauri kuma yana sa madarar saurin lalacewa. Zuma tana daskarewa a sanyi idan ba a fara sirka ta da ruwan ɗumi ba, kuma ƙamshinta yana gasa da na gahawar. Ko da wanne aka yi, sukari ne a wajen jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba mutum kuzari a yini, wato kimanin gram 50 ga babba, kuma rabin haka ya fi. Sanyi yana dushe zaƙi a harshe, shi ya sa hannu ke saurin zarcewa. Cokali ɗaya zuwa biyu na ruwan mazarƙwaila ya ishi babban kofi idan ayar mai kyau ce.

Wajen haɗawa, kashi ɗaya na ruwan gahawa da kashi biyu na madarar aya shi ne ma'aunin da ya zauna a gidanmu. Ana fara zuba ruwan zaƙin da gahawar a juya, sannan ƙanƙara, sannan a tsiyaya madarar daga sama, ta sauka cikin baƙin ruwan zare-zare kafin ta game shi. Ƙanƙarar da ake saye a ƙulle cikin leda a bakin titi ba kowace ce aka san ruwan da aka yi ta da shi ba, don haka na fi son a yi amfani da ita wajen sanyaya kwalaben daga waje a cikin kula, wadda za ta shiga kofi kuwa ta zama ta gida. Idan wuta ta samu ta zauna, ana iya daskarar da wani ɓangare na ruwan gahawar kansa a farantin ƙanƙara, ta yadda narkewarsa ba za ta tsinka haɗin ba. Ruwan gahawar da ba a sirka ba yana kwana da yawa a firji mai sanyi ba yankewa, amma inda wuta ke zuwa tana tafiya, kada a wuce kwana biyu.

Sauƙin ɗacin nan yana iya yaudarar mai sha, domin jiƙon yana da ƙarfi ƙwarai, kuma abu mai sanyi da zaƙi a zafin Afrilu ana kwankwaɗarsa ne ba a kurɓa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa miligram 400 na kafin a yini ba ya cutar da babba mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Kofi ɗaya zuwa biyu na wannan haɗin ya isa, kuma ba abin ba yara ba ne, ko da sun ga fari sun ɗauka kunun aya ne. Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabin kafin ɗin da aka sha, don haka a watan azumi wanda ya sha bayan tarawihi kada ya yi mamaki idan barci ya ƙi zuwa har sahur. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya fara jin ta bakin likitansa.

Wanda ya saba da Nescafé, wadda kamfanin Nestlé ya fito da ita tun 1938 kuma babu teburin mai shayi daga Samaru zuwa Ƙofar Doka da ba a samunta, yana iya tambayar ko akwai buƙatar wannan ɗawainiya. Gaskiya ita ce cokali biyu nata, a narkar da ɗan ruwan ɗumi, a zuba madarar aya da ruwan mazarƙwaila, yana ba da abin sha mai kyau cikin minti biyu, kuma ɗalibin da ke ɗakin kwana a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru ko Kongo, ba ya buƙatar fiye da haka. Butar ta mai neman ƙamshin ƙwayar ce, wanda kuma yake da haƙurin jiƙawa tun daren jiya.

Rauninta na biyu shi ne gilashin, wanda bai kai kaurin kofin gilashi na gida ba, kuma ba a samun na canji a kasuwa. Da na tambaya, amsar da aka ba ni ita ce idan ya fashe sai dai a sayi sabuwa sukutum. Wankinta ma yana son kula. Rariyar hawa uku ce da ake kwancewa ta hanyar murɗa sandar, kuma idan ba a kwance ta an wanke tsakanin faifan ba, tsohon gari yana maƙalewa ya yi warin mai da ya daɗe, ya ɓata jiƙo na gaba. A tawa, ƙaramin noti da ke riƙe da su ya fara nuna tsatsa da damina ta shigo, alamar ba duka ƙarfen ne marar tsatsa ba, don haka sai an shanya kowane yanki dabam kafin a mayar. Garin da aka gama da shi ba a zuba shi a magudanar wanke-wanke saboda yana toshe ta, a kwashe da cokali a kai gindin shuka. Mai niyyar saye ya buɗe kwalin a shagon, ya ɗaga gilashin a haske ya duba tsaga, ya tura sandar a busasshiyar butar ya ji ko gefen rariyar yana gogar gilashin ta ko'ina ba tare da gibi ba. Idan a gidan akwai yara masu shiga kicin, ko kuma butar za ta riƙa kwana a kula tana karo da ƙullin ƙanƙara, gara a ƙara kuɗi a nemi wadda jikinta duka ƙarfe ne, ko da za a rasa ganin saukar rariyar ta cikin gilashi.